Kwamfutar da Aka Ɓoye a Rumbu

Ku matasan da kuke leƙowa shagona a bakin tashar Sabon Birni kuna cewa in koya muku gyaran kwamfuta a wata ɗaya, ba za ni hana kowa koyo ba. Amma kafin ku ɗauki sukudireba ina so ku ji labarin kwamfutar abokina Malam Isiyaku, malamin firamare a Tsamaye, Allah ya jiƙansa. A cikinta akwai muryoyin tsofaffin ƙasar nan da ya yi shekaru yana bi yana naɗa, akwai kuma tasa muryar. Ba a ajiye su ko'ina ba sai a cikinta. An kawo mini ita da sauran numfashi, kuma a kan teburin nan da kuke jingina ta ƙarasa.

Da rediyo na fara sana'a. Da rediyo ta ja baya sai na tafi Sakkwato wurin Malam Bello, wanda shi ma tsohon mai gyaran rediyo ne da ya koma kwamfuta. Na yi shekara uku a ƙarƙashinsa. Aikin farko da ya ba ni wata babbar kwamfuta ce ta tebur, daga shagon buga takardu da rufinsa ya yi yoyo. Ina ajiye ta na jawo waya za ni soka a wuta. Sai na ji ƙotar sukudireba a bayan hannuna.

"Kai, wa ya aike ka?" in ji shi. "Ka san inda ta kwana?"

Na ce ban sani ba.

"To na'urar da ba ka san inda ta kwana ba, ba a ba ta wuta. Buɗe ta. Ka diba da ido, ka sansana da hanci. Wuta ita ce ta ƙarshe."

Muka buɗe, muka tarar da ruwa kwance a ƙasan akwatin. Kwana uku tana shan iska a inuwa, muna goge ta da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Rana ta huɗu ta tashi lafiya, takardun mai ita ko ɗaya bai ɓata ba. Kayan aikin da na dawo gida da su ba su da yawa: mita ta gwada wuta, ƙarfen dalma, sukudirebobi ƙanana, buroshi, kwalbar sifirit, da wata igiya da ake jona faifan ajiya da ita ga wata kwamfutar. Faifan ajiya shi ne wanda kuke cewa had-dis, wato inda duk abin da mutum ya rubuta ko ya naɗa yake zaune. Sauran jikin kwamfuta ana sayen wani a kasuwa. Abin da ke cikin faifan nan ba a sayen shi.

Akwai wani Alhaji mai shagon ɗaukar hoto da ya kawo mini kwamfuta sau uku a damina ɗaya, kullum abu guda ne yake ƙonewa. A karo na uku na bi shi shagon. Na tarar ba ya zare waya in an ɗauke wuta. Yana tayar da janareta, injin yana tari yana hawa da sauka, duk wutar nan tana shiga kwamfuta kai tsaye. Na ce ya riƙa zarewa, ya bar injin ya daidaita murya, sannan ya jona, kuma ya sayi sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta. Ya ce sitabilaiza ta yi tsada. Na ce to ya ci gaba da zuwa, shagona yana buɗe. Ya yi dariya ya saya. Haka kuma in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare komai daga bango. Na ga kwamfutar da tsawa ta kashe alhali ba a kunne take ba.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Isa ta kawo laftof mai mutuwa da kanta bayan ta ɗan yi aiki. Matar tana da tsabta ƙwarai. Ta sa tela ya ɗinka wa laftof ɗin riga ta yadi mai kauri, har da aiki a baki, kuma a cikin rigar take amfani da ita, a kan katifa, a ɗakin kwano da tsakar rana. Duk ramukan da iska ke fita a toshe suke. Na ce mata, "Hajiya, ke ma in aka sa maki bargo cikin watan bazara aka ce ki yi daka, suma za ki yi." Na cire rigar, na share fankar, na ce ta riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri. Ba ta sake dawowa ba sai gaisuwa.

Na ciro tururuwa cikin madannai saboda mai su yana shan shayi a kansu. Na ciro ƙaiƙayi cikin fanka a gidan da ake sussuka kusa da taga. Na ga wanda fura ta zube wa ya ɗora laftof bisa kwanon rufi don ta bushe, rana ta lanƙwasa gilashin. Abin da ya fi yawa kuwa shi ne filash. Mutum ya kai filash ɗinsa wurin masu tura waƙa da wa'azi a kasuwa, inda ake soka na mutum ɗari a rana, ya dawo ya soka a tasa kwamfutar ba tare da an bincika ba. Gobe sai ya ga takardunsa sun ɓace ko sun ƙi buɗuwa. Sai ya kai wa irinku masu sauri, ku ce a yi fomatin, ku goge komai ku zuba sabo, ya tafi yana murna tana gudu. Sai bayan mako ya tuna hotunan mahaifinsa suna ciki. Kafin ka goge kwamfutar mutum, ka tambaye shi sau biyu me ke ciki, ka kwafe masa, sannan ka goge.

Malam Isiyaku duk ya san waɗannan, don a kan bencin nan yake zama duk ranar kasuwa. Tare muka yi firamare da shi. Mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, ta ciyar da ni tuwo ba adadi lokacin da muke yara. Da ya sami laftof ta hannu sai ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa shi. Ranar da babu makaranta zai hau babur da ƙaramar rikoda, ya tafi Alkalawa da ƙauyukan da ke kewaye, ya zauna gaban tsofaffi. Wani ya ba shi labarin tsohon birni kamar yadda ya ji daga kakansa. Wata tsohuwa ta rera masa waƙoƙin daka da 'yan mata suka daina yi. Wani Ardo ya lissafa masa burtalolin da shanu ke bi tun kafin a nome su. In ya dawo ya juye a laftof, ya goge rikodar don ta sami wuri.

Kullum ina yi masa magana ɗaya. "Malam, abin ga ka ajiye shi wuri biyu. Sayi faifai na waje ka kwafe, ka ba ni ajiya ko ka kai Isa wurin ƙanwarka."

"Likitan ƙarfe ke nan," in ji shi. "Kai kowa ka gani majinyaci ne. Bari in gama sa ma kowane tsoho sunanai da garinsu, sannan mu kwafe gaba ɗaya. Ba ni son aikin da ba shi da kai."

"Kwafewa ba ta hana sa suna."

"To, bayan girbi."

Girbi uku aka yi yana cewa bayan girbi. Akwai ranar da laftof ɗin ta wuni a hannuna ina canza mata madannai. Igiyata tana rataye a bango, ina da faifai da babu komai a kansa, aikin awa ɗaya ne. Ban kwafa ba, don Malam Bello ya hore mu cewa ba a taɓa abin da ke cikin kwamfutar mutum sai da izininsa, kuma har yau ina kan wannan. Amma da ya zo ɗauka, da na rufe ƙofa na ce ba za ta fita ba sai ya ba ni izini. Tsakanina da shi akwai wannan damar. Ban yi ba.

Sai mummunar shekarar nan ta zo, wadda kowa a nan ya sani. Hanyoyi suka ƙi biyuwa. Layin waya ya ɗauke, sai mutum ya nufi bakin iyaka yake samun na Nijar. Kasuwa ta rage ci, makarantun ƙauye suka rufe. Ba mai kawo gyaran kwamfuta, don wanda ke neman inda zai kwana ba ya tunanin kwamfuta. Da cajin waya da sola na riƙe gidana. A shekarar ne Malam Isiyaku ya rasu a kan hanyar Isa. Ba za ni faɗi yadda abin ya faru ba. Allah ya jiƙansa da sauran waɗanda suke tare.

Bayan sadakar bakwai iyalinsa suka bar Tsamaye suka koma wurin dangi. Ba a tafiya da kaya mai jan ido a irin wannan hanya. Matarsa ta yi abin da matan ƙasar nan suka saba yi da abu mai daraja tun kaka da kakanni: ta naɗe laftof ɗin a zane, ta hau rumbu, ta tura ta can cikin dammunan gero. Ba wanda zai ce ta yi wauta. Cikin gero a bushe yake, kuma ɓarawo mai sauri ba ya tono rumbu har ƙasa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne jinka. Duk shekara maigida ne ke sabunta jinkar rumbu kafin ruwa ya sauka. A shekarar babu maigida, babu kowa a gidan. Iskar farkon damina ta yaye jinkar, ruwan damina guda ya sauka a kan geron.

Da abubuwa suka ɗan lafa suka koma gida. Wata ranar kasuwa da hantsi na ga Sanusi, ƙanen Malam Isiyaku, ya shigo da ƙunshi a hammata, Inna tana biye da shi da sanda. Na miƙe na durƙusa na gaishe ta, na share mata benci. A lokacin motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai, tare suke zuwa tare suke komawa, kuma kafin la'asar dole su kama hanya.

Sanusi ya kwance zanen. Warin ruɓaɓɓen gero ya cika shagon. Fumfuna ta yi kore a bakin ramukan jona waya, batir ya kumbura har ya ɗaga murfinsa. Na juya ta don in ciro faifan ajiya, na tarar kusoshin sun yi tsatsa sun kama, in na matsa kawunansu za su cinye. Sai an ɗiga musu mai an bar su sun sha. Na girgiza ta a hankali kusa da kunnena, ban ji ruwa ba, amma na san akwai danshi.

Na ce wa Sanusi, "Ku bar man ita kwana uku. Za ni buɗe ta, in ciro faifan, in bar shi ya bushe, sannan in karanta shi ta wata kwamfuta. Ita kanta ƙila ta tafi, amma abin da ke ciki ina sa rai."

Sanusi ya ce babu laifi. Har ya fara naɗe zanen.

Sai Inna ta yi magana, ba ta ɗago kai ba. "An ce maganar abokinka na ciki."

"Tana ciki, Inna."

"Ka kunna man in ji."

Na yi mata bayani da sauƙin da zan iya. Na ce abin ya sha ruwa, in aka ba shi wuta yanzu yana iya ƙonewa. Na ce kwana uku kawai.

"Kwana ukku," in ji ta. "Wanga zuwa da ka gani, sai da na yi wata ina roƙon Sanusi. Ni ban san ko za ni ƙara biyo hanyar ga ba."

"Ni za ni kawo maki har gida, Inna."

Sai ta ce, "Isiyaku nike son ji."

Sanusi ya sunkuyar da kai. Ku yaran yanzu ƙila ba za ku gane nauyin wannan ba. Malam Isiyaku ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Abokinka take cewa, ko Malam, ko wancan. Ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido da ido a gaban mutane, ko ranar da aka kawo labarinsa an ce ba wanda ya ga hawayenta. Na girma a gidan, ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, a cikin shagona, a gaban ɗanta da ni.

Na san aikina. Ba jahilci ya sa ni ba. Na duba fuskarta na kasa cewa a'a sau na uku. Na ce a raina in na cire batir, na goge abin da hannuna ya kai, ƙila ta ba mu minti goma. Na ɓalle batirin, na goge bakin ramukan da sifirit, na hura mata iska. Na jona caja, na danna.

Ta kawo haske. Ta daɗe tana tashi, faifan yana wani ƙara da ban so ba, amma ta tashi. A nan ma da sauran dabara: da na soka faifaina na fara kwafewa nan take. Ban yi ba, don Inna ta riga ta matso. Na buɗe naɗin farko da hannuna ya kai, na ƙara murya.

Aka ji kukan kaji da motsin tabarma. Sai muryarsa, kamar yana kan bencin. Ya yi sallama. Ya ce, "Baba, ka hwaɗa muna sunanka da na mahaifinka, don jikoki su sani." Wani tsoho ya yi tari ya ce wani abu, Malam Isiyaku ya yi dariyar nan tasa ya ce, "A'a Baba, ba rediyo za a sa ka ba, kwantar da hankalinka." Tsohon ya fara ba da amsa.

Sai na ji ƙauri. Hasken ya ɗauke, wani siririn hayaƙi ya fito ta gefen da faifan yake. Na fizge wayar, amma an riga an gama.

Can Inna ta ce, "Ya ƙare?"

Na ce, "Ta tsaya, Inna. Za ni duba."

Ta ce Allah shi yi albarka. Sanusi ya kama hannunta suka tafi neman mota.

Bayan kwana biyu kusoshin suka saki. Na ciro faifan na ga bayansa ya ƙone baƙi. Na jona shi da igiyata, ba ya ko juyawa. Na naɗe shi a auduga na ba wani direba amintacce ya kai Kano wurin masu wannan aiki. Ya yi wata biyu a can. Suka canza abin da ya ƙone, suka buɗe cikinsa, suka aiko mini da cewa danshi ya riga ya shiga, kuma juyawar da ya yi ranar da na kunna ta kankare fuskar da ake rubutu a kai. Mai aikin ya ce da ba a ba shi wuta ba, da ya ciro mafi yawa. Ban buƙaci ya faɗa mini ba.

Cikin tsofaffin da ya naɗa, waɗanda na bincika duk sun rasu, wasu da tsufa, wasu a waccan mummunar shekarar. Ardon ya ƙaura da shanunsa, ba wanda ya san inda yake. Sunayen da Malam Isiyaku ya so ya gama sawa sun tafi tare da muryoyin.

Saboda haka in kuna son sana'ar nan, ku fara da abin da za ku faɗa wa masu kwamfuta tun tana lafiya. Duk abin da mutum ba zai iya sake samu ba, ya ajiye shi wuri biyu, kuma kada wuraren biyu su zama gida ɗaya. In zai yi doguwar tafiya ya bar ta, ya cire batir in mai ciruwa ne, ya sa ta a leda mai kauri ya ɗaure, ya ajiye inda ko rufi ya yaye ruwa ba zai kai ba. In ta jiƙe kada a kunna, kada a shanya a rana, a kawo ta yadda take. Wannan duk kuna iya haddacewa a yini ɗaya. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne tsayawa a kai lokacin da mai kaya yake gabanka yana roƙo.

Da saƙon Kano ya zo ban aika Sanusi ba, na hau babur na tafi Tsamaye da kaina. Na tarar da Inna a inuwar zaure tana ɓarar gyaɗa. An sake wa rumbun jinka. Muka gaisa, ta sa aka kawo mini ruwa. Na faɗa mata ba a samu komai ba.

"Har wanda munka ji?"

"Har shi, Inna."

Ta ci gaba da ɓara. Na so in tashi a nan, amma na ga bai kamata ta zauna da rabin magana ba. Na ce, "Inna, akwai abin da ya kamata ki sani. Maganarsa da ke ciki ta isa a yi kwana da kwanaki ana saurare. Da na hana ki ranar nan, da yanzu tana hannunki, ki ji duk lokacin da kika so."

"Ni na ce ka kunna."

"Ke kika ce. Amma ni na san aikin."

Ta tattara ɓawon gyaɗar gefe guda da bayan hannunta, ta kakkaɓe zanenta.

"To," in ji ta. "Gaba in wata tsohuwa ta zo maka, ka hana ta."